Nilzete, Likitar Hira

A unguwarmu da ke kan tudu a Salvador, in ka tambayi gidan Dakta Nilzete sai an ɗan yi tunani kafin a ba ka amsa. Amma ka ce likitar hira ka gani, ko mai gawayi zai nuna maka hanya. Da tsokana sunan ya fara, ita kuma ba ta taɓa neman a canza shi ba.

'Yar Dona Creuza ce, mai wankin kayan masu hali na bakin teku. Dona da ka ji, haka muke kiran babbar mace a nan don girmamawa. Mahaifinta ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ciwon ƙirji ya ɗauke shi tana ƙarama, ya bar su su uku: uwar, da ita, da yayanta Edvaldo. Edvaldo kafinta ne, dogo, baƙi wuluk kamar ubansa, ga surutu. In yana gida ba a jin rediyon maƙwabta. Shi ne ya sa mata suna Kan Kwakwa, wai in abu ya shiga kanta ba ya fita sai an fasa.

Tana 'yar shekara goma sha huɗu abin ya faru. Wata Asabar Edvaldo ya gama gyaran kabad a wani gida a unguwar masu hali, ya saɓo buhun kayan aikinsa yana gangarowa tashar bas, sai 'yan sanda suka tare shi. Baƙin saurayi da buhu a kafaɗa a wannan layin, a wurinsu magana ta ƙare. Ya ce a je a tambayi mai gidan, ashe mai gidan ya riga ya tafi gonarsa hutawa. Sai da ya dawo, Dona Creuza ta je ta roƙe shi ya buga waya, sannan aka saki Edvaldo.

Kumburin fuskarsa ya sace, haƙarƙarin ya warke, amma bakin bai dawo ba. Yini yake yi zaune yana kallon bango. In mota ta tsaya a waje sai ka ga gumi ya karyo masa. Wata rana wani maƙwabci ya buga ƙofa da ƙarfi yana neman aron tsani, aka buɗe aka tarar da Edvaldo a bayan ƙofar ya ɗaga guduma. Bai taɓa kowa ba, amma unguwa ta tsorata, aka yi ta zuwa ana ba uwar shawara har ta yarda aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na bayan gari.

Nilzete ta bi su. Likitan farar fata ne, mai sanƙo, bai cika ɗago kai daga teburinsa ba.

"Yana shan giya?"

"Ba ya wuce ta ranar biki, Dakta," in ji Dona Creuza.

"Akwai mai irin wannan a danginku?"

"Babu. Ai tun da 'yan sanda suka..."

"Wannan daban. Irin wannan ciwon a jini yake. Muna yawan ganinsa a mutanenku."

Dona Creuza ta ce ta gode, don haka ta saba ce wa masu farar riga.

Kowace Lahadi bayan coci sai su hau bas da kwanon wake da garin rogo. Sukan tarar da shi a tsakar gidan asibitin, an aske masa kai, hannuwansa na kakkarwa saboda ƙwayoyin da ake ba shi. Ya ci abinci, uwar ta ba shi labarin unguwa, shi dai ido. Abin da ya tsaya wa Nilzete a rai shi ne, duk cikin mutanen nan masu karatu babu wanda ya taɓa tambayarsa me aka yi masa. Wata Lahadi uwar ta tashi ɗebo ruwa, sai Nilzete ta matso ta kama hannunsa.

"Yaya, me suka yi maka a can? Ni ce fa, Kan Kwakwa. Duka ne? Da me suka dake ka? Gaya mini mana."

Ya dube ta kamar bai san ta ba. Sai ya fara wani irin nishi, ya zame daga kan benci ya cusa kansa ƙarƙashi yana kare fuska da hannu. Ma'aikata suka zo suka janye shi, aka yi masa allura, aka hana su zuwa na wani lokaci.

A bas, da suka kusa gida, uwar ta juyo ta dube ta.

"Kin ga abin da bakinki ya jawo."

"Inna, ai dole wani ya tambaye shi."

"To ba ke ba. Ke me kika sani?"

Maganar ta yi mata zafi, don gaskiya ce. Tambayar ba laifi ba ce, wannan ba ta taɓa shakka a kansa ba. Yadda ta yi ta ne ya ɓata. Ashe tambaya ma tana da hanyarta, kamar yadda ɗinki yake da tasa, kuma tabbas akwai inda ake koyar da ita. Tun daga ranar ta sa wa ranta sai ta nemo wurin.

Ba a kusa ta same shi ba. Ta shiga aiki a wani shagon ɗinkin rigunan ma'aikata, in an tashi ta wuce makarantar yamma da zare a jikin rigarta. A can wata malama ta gaya mata akwai karatun halayyar ɗan Adam a jami'a, inda ake koyon yi wa mutum magani da sauraro da magana. Ta rubuta jarrabawar shiga ta faɗi. Ta sake, ta faɗi. A tsakani ta auri Gildasio, direban bas, mutum mai tumbi da dariya, wanda yakan ce wa abokansa shi da ya ɗauka mace ya aura, ashe makaranta ce. Ta haifi 'ya mace, ta yaye ta, ta koma ta sake rubutawa. Ta haura talatin kafin sunanta ya fito.

Ranar farko mai gadin ƙofar jami'ar, baƙi ne shi ma, dattijo, ya tare ta da hannu.

"Masu shara ta baya suke shiga, 'yar'uwa."

Ta nuna masa katinta. Ya daɗe yana dubawa, ya dube ta, ya sake duba katin. Daga ranar kullum ta zo sai ya miƙe tsaye ya ce, "Barka da zuwa, Dakta." Ta roƙe shi ya bari, ta ce ko jarrabawar farko ba ta yi ba. Ya ce shi dai ya riga ya ba ta.

Ita kaɗai ce baƙa a ajin. Ta so karatun, ta sha shi kamar mai ƙishi, amma wani abu ya riƙa damunta. Littattafan duk daga Turai suka zo, suna ta bayani a kan yaron da ya tashi a hannun mai reno, da yadda ransa ke sosuwa in an raba su. Ita kuwa 'ya'yan masu renon ta sani, da su ta tashi. Wata rana ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, su kuma 'ya'yan mai renon da ta bari a gida, me littafin ya ce a kansu?" Malamin ya yi murmushi ya ce wannan tambayar siyasa ce, ba ta wannan ajin ba.

Ƙa'ida ce duk mai koyon wannan aiki shi ma ya zauna a kujerar mara lafiya. Nilzete ta riƙa zuwa wurin Dakta Beatriz, wata farar fata mai sanyin murya da ke da ofis a bakin teku. Matar ta iya aikinta. A wurinta Nilzete ta ga yadda ake yin shiru ba tare da mutum ya ji an yar da shi ba, da yadda ake barin mai magana ya kai ƙarshe da ƙafarsa. A wurinta ta fara kukan mahaifinta, wanda ba ta yi ba tun tana ƙarama. Amma wata rana ta zo ranta a ɓace, ta ce mai gadin wani kanti ya bi ta layi-layi har ta fita ba ta sayi komai ba.

"Me kike gani yake sa ki riƙa jin kamar ana bin ki?" in ji Dakta Beatriz.

"Ba ji na yi ba, Dakta. Bi na ya yi. Har ƙarar takalminsa ina ji."

"Mu duba abin da wannan yake tuna miki."

"Yana tuna mini jiya, da shekaranjiya. Ke an taɓa bin ki a kanti?"

Matar ta yi shirunta na aiki. Nilzete ta gama wa'adinta a wurinta, suka rabu lafiya, amma a kan wannan maganar ba su taɓa haɗuwa ba. Ta fito da abu biyu: ta koyi sauraro, ta kuma san irin ciwon da mutum ke ji in ya kawo abin da ya faru da shi da gaske aka mayar masa da shi mafarki. Ta yi alkawari ba za ta taɓa yi wa kowa haka ba.

Duk shekarun nan Lahadi ba ta wuce ta ba. Ƙafafun Dona Creuza sun gaza, sai Nilzete ta ci gaba da zuwa ita kaɗai. Yanzu ba ta tambayar Edvaldo komai. Ta zauna gefensa, ba kusa sosai ba, inda zai iya ganin hannuwanta. Wata rana ta zo da guntun katako da takardar goge katako, ta ajiye a tsakaninsu. Bai taɓa ba. Ta koma da su, ta sake kawowa. Ana nan, ana nan, rannan ya miƙa hannu ya ɗauka, ya juya shi, ya sunsuna.

"Wannan ɗanye ne," ya ce. Muryar ta dushe kamar ta tsoho. "Wa ya sayar miki?"

Ta daure ba ta juyo ba.

"Wani ne a kasuwa."

"Ya cuce ki, Kan Kwakwa."

A bas ta yi kukanta. Mako na gaba ta kawo busasshe.

Labarin abin da aka yi masa bai zo a rana ɗaya ba. Gutsure-gutsure ya riƙa zuwa, yana goge katako, idonsa a ƙasa. Wani lokaci ya yi makonni bai koma kai ba. Ta bar shi. Abin da ya faɗa mata ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har uwarsu. Abin da kawai ta taɓa cewa shi ne, da ya kai ƙarshe ya tambaye ta, "Kin yarda?" ta ce, "Na yarda, Yaya," ya ce ita ce ta farko.

Lokacin an fara maganar sallamar mutanen da suka daɗe a irin waɗannan asibitoci, in suna da masu karɓarsu. Nilzete ta ce za ta dawo da shi gida. Gildasio ya ajiye cokali.

"Gidan nan ɗaki biyu ne, Nilzete. Ga Inna, ga yarinya."

"Zan raba falo da labule."

"In ya ɗauko guduma fa?"

"Kafinta ne, Gildasio. Da me kake so ya buga ƙusa, da goshi?"

"Ke komai kina da amsarsa."

"Wannan ba ni da ita. Ina tsoro ni ma. Amma ba zan bar shi ya mutu a can ba."

Ya yi kwanaki yana fushi, ba ya ko taɓa wakenta. Ranar ɗaukowa kuma shi ya aro motar abokinsa, ya wanke ta, ya sa rigarsa ta zuwa coci.

Edvaldo bai koma yadda yake da ba, kar a yi ƙarya. Ya shiga asibiti yana saurayi, ya fito da furfura. Ya ci gaba da shan magani, kuma har ya bar duniya bai ƙara gangarawa cikin gari ba. Amma ya kafa benci a bayan gida yana yin kujeru 'yan tsugunno, yana faɗa da Gildasio a kan ƙwallo, kuma shi ya riƙe hannun uwarsu ranar da ta cika. Ya yi shekaru masu dama a cikinmu. Rabin gidajen layin nan akwai kujerarsa.

Da ta gama karatu ta samu aiki na rabin yini a ƙaramin asibitin gwamnati, sauran yinin kuma ta kama ɗaki a saman gidan burodi na unguwa. Kujera biyu, da fanka, da tulun ruwa. Ta sa allo a ƙofa ta zauna jira. Ba wanda ya hau.

Dona Jurema mai ƙosai, wadda ke kafa kaskon manjanta a gindin matattakalar, ita ce ta raɗa mata sunan.

"Likitar hira, yau ma ba ciniki?"

"Babu, Dona Jurema."

"Allura ba kya yi, ƙwaya ba kya bayarwa. To me mutum zai hau ya samo? Hira ai ga ta nan a wurina, har da yaji a kai."

"Taki a kunnen unguwa take ƙarewa. Tawa a ɗakin take kwana."

"Ji ta. Mu nan ba mahaukata ba ne, 'yata. Talaka ba shi da lokacin hauka. Wannan ciwon masu gidan bene ne."

Haka kowa ke cewa. In mace ta kasa barci a ce ta sha ganye, in namiji ya koma giya a ce halinsa ne, in abin ya yi tsanani a kai coci ko gidan ganga na masu bautar gargajiya. Nilzete ta ga zama ba zai yi ba, sai ta sauko. Ta riƙa zama a bencin Dona Jurema tana taya ta ɓare albasa. Ta je wurin fasto, ya karɓe ta a tsaye. Sannan ta hau can ƙarshen tudu wurin Uwa Dionisia, tsohuwar da ke shugabantar gidan bautar gargajiya, inda ake kaɗa ganguna ana kiran iskokin kakanni. Tsohuwar ta bar ta ta gama bayaninta kaf.

"Wato kin zo raba ni da mutanena."

"A'a, Uwa. Abin da kike yi ban iya ba. Cewa na yi ko akwai waɗanda ke zuwa miki da abin da ba naki ba."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Akwai su kuwa. Wata ta zo ta ce iska ce ta hau ta, ina dubawa na ga mijinta ne iskar. Je ki, zan gani."

Ba a daɗe ba wata mata ta hau matattakalar a hankali, tana riƙe da jaka a ƙirji. Sunanta Marinalva, ta kusa hamsin, aikatau take yi a gida ɗaya tun tana yarinya. Abinci ya daina wuce mata a maƙogwaro, an yi duk gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Ta tsaya a ƙofa ta leƙa ɗakin.

"Uwa Dionisia ce ta aiko ni. Likitar ta fita ne?"

"Ni ce."

Matar ta dube ta daga kitso har takalmi, ta yi wata 'yar dariya, ta zauna da ƙarfi kamar wadda ta sauke tulu.

"Ke ce? To, mun gode wa Allah. Ai ke ba sai na yi miki bayanin komai ba. Kin san yadda abin yake."

"Sai kin yi, Dona Marinalva. Fatarmu ɗaya, amma ban kwana a ɗakinki ba. Abin da zan iya yi miki alkawari shi ne, in kin faɗa ba zan ce ƙarya kike ba."

A hankali ya fito. Matar gidan da ta yi wa hidima shekara da shekaru ta rasu. Marinalva ce ta yi jinyarta, ita ta yi mata wankan ƙarshe. Kullum ana ce mata ai ke 'yar gida ce. Ranar jana'iza aka ce ta tsaya a kicin ta dafa wa baƙi kofi. Abin da ya fi ci mata rai, ta ce, shi ne har yanzu tana kewar matar, kuma tana jin haushin kanta a kan haka. Nilzete ba ta ce mata ta daina kewa ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta bar ta ta riƙe duka biyun har suka daina shaƙe ta. Bayan 'yan watanni Dona Jurema ta ga Marinalva ta sauko ta sayi ƙosai ta ci a tsaye, ta ƙara. Da yamma ta kira Nilzete.

"Me kika ba ta?"

"Hira."

"Hm." Ta juya ƙosai a kasko. "Ƙanwata tana da wata 'yar damuwa. Ba hauka ba ne fa."

Daga nan ɗakin bai ƙara zama shiru ba.

Ba kowa ta iya wa ba. Akwai wani malamin makaranta, Anisio, da ya zo mata yana jin muryoyi. Saboda abin da ta gani a jikin yayanta, ta ƙi jinin tura kowa wurin likitocin ƙwaya, sai ta yi ta jan lokaci tana ganin magana za ta riƙe shi. Ba ta riƙe shi ba. Ya fita wata safiya da rigar barci, sai a wani gari can cikin ƙasa aka tsince shi, ƙafafunsa duk sun fashe. Matarsa ta hau ɗakin ta faɗa mata maganganu, Nilzete ta tsaya ta saurara har ƙarshe, ba ta kare kanta ba. Washegari ta je ta nemi wani matashin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin gwamnati, ta ce su riƙa aiki tare: wanda ke bukatar magani ta turo masa da wuri, wanda ke bukatar kunne ya turo mata. Anisio ya samu sauƙi ya koma aji, amma bai ƙara hawa wurinta ba, in sun haɗu a hanya ma yakan tsallaka. Ta karɓi wannan.

Shekarun da bindiga ta yi yawa a unguwannin tudu, matan da suka binne 'ya'yansu suka fara zuwa, har ta ga ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba. Ta haɗa su da'ira ranar Laraba a zauren ƙungiyar unguwa. Dokarta guda ce: ba wadda za a tambaya me ɗanta ya yi. Kowace ta faɗi sunansa da abincin da ya fi so, daga nan a fara. Ta rubuta abin da ta koya a wannan da'irar ta kai wani taron masana. Bayan ta gama wani farfesa ya tashi ya ce aikin ya burge shi, sai dai yana ganin launin fata ba shi da gurbi a ɗakin jinya, don zuciya ba ta da launi.

"Gaskiya ne, Farfesa," in ji ta. "Amma zuciyar a cikin fata take yawo, kuma fatar ake tarewa a hanya."

Wasu suka yi tafi, wasu suka duba agogo. Abin da ya fi mata amfani shi ne 'yan mata uku baƙaƙe, ɗaliban jami'a, da suka jira ta a bakin ƙofa. Ta gayyace su gida ranar Asabar. Suka zo, mako na gaba suka zo da wasu. Shekara da shekaru kicin ɗinta ya zama aji: tukunyar miyar kuɓewa a wuta, su kuma suna kawo matsalolin aikinsu ana warwarewa, Gildasio na ƙorafin an mamaye masa gida yana kuma yanka musu lemo. Yau in ka bi asibitocin unguwannin Salvador za ka tarar da su, wasu ma suna koyarwa a jami'ar.

Ta haura saba'in yanzu. Gildasio ya yi ritaya, gwiwoyinta sun fara ƙin matattakala, ta bar wa ɗaya daga cikin ɗaliban ɗakin saman gidan burodi. Kowa ya ɗauka ta huta. Sai ga Luzia, ƙaramar cikin ɗalibanta, ta zo da labari: an tura ta wani garin masunta a tsibirin da ke tsallaken ruwa, inda jirgin kamun kifi ya nutse da mutane a damina. Ta yi wata guda tana buɗe zauren coci tana rufewa, ba wanda ya leƙo.

"Goggo, ina ganin ba sa so na. Gara in nemi canji."

"Wa kika je kika gaisar?"

"Na liƙa sanarwa."

"Sanarwa kika gaisar? Wa ke wanke gawa a garin? Wa ke karɓar haihuwa? Wa mata ke sayen kifi a wurinta?"

Luzia ba ta sani ba. Nilzete ta aika a ɗauko mata sandarta.

"Ina kuma za ki?" in ji Gildasio daga kan kujera.

"Tsallake."

"Da waɗannan gwiwoyin? Likita ya ce ki zauna."

"A jirgi ai zama ake yi."

Suka yi kwanaki suna bin gari gida-gida, tsohuwa da sanda, yarinya da lema. Sun sha kofi har ya ishe su. Nilzete ba ta yi wa kowa maganar jinya ba, gaisuwar rashi kawai suka yi, ta bar Luzia ta riƙa faɗin sunanta da na iyayenta. Ranar da suka buɗe zauren ana yayyafi, mata uku suka zo, suka zauna nesa da juna. Sai kuma wani mutum, babba, mai faɗin kafaɗa, ya tsaya a ƙarƙashin rumfar ƙofa ya juya musu baya. Ɗaya daga cikin matan ta raɗa wa Luzia cewa shi kaɗai ne ya fito da rai daga jirgin.

Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, mutumin bai tafi ba. Luzia ta yunƙura za ta je wurinsa, Nilzete ta taɓa mata hannu.

"Bar shi. Wai ruwa yake fake wa."

"Ai ruwan ya tsaya, Goggo."

"Ya sani. Ɗauki kujera ɗaya ki ajiye daga ciki, kusa da ƙofa, kar ki dube shi. Sannan ki dawo ki fara da waɗanda suka shigo. Ke za ki yi magana yau, ni baƙuwa ce."

Luzia ta kai kujerar ta dawo, ta gyara zama, ta gaishe da matan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Nilzete ta jingina sandarta da bango ta miƙe ƙafa, ta sa kunne.